Zinariya Dillaliya da Bubun Hajiya Labiba

A Zongon Kwatano da wuya a sami gidan da Zinariya dillaliya ba ta taɓa shiga ba. Gajeruwa ce, mai saurin tafiya, ba ta da yawan gaisuwa a hanya. Kakanninta fatake ne da suka gangaro da goro da kanwa, suka ga bakin teku ya karɓe su suka zauna. Ta ɗan yi lakwal, wato makarantar boko, amma ba ta yi nisa ba uwarta ta fitar da ita, ta ɗora mata ƙunshi a ka, domin ita ma uwar dillancin take yi. Ta auri wani direban babbar mota, ta haifi 'ya'ya biyu, mijin ya rasu, 'ya'yan suka yi nasu gidajen a wasu garuruwa. Duk wannan bai sa ta ajiye ƙunshin ba.

Sana'ar kuwa ga yadda take. Idan mace ta shiga matsi, sai ta aika a kira Zinariya. A shiga ɗaki, a tura ƙofa, a buɗe akwati. Zane ko leshi ko bubu ya fita cikin ƙunshi, ya je a sayar da shi a kasuwar Dantokpa ko ƙetaren gada, inda ba a san mai shi ba. Akwai dillalai da suka fi ta iya ciniki, amma ita ake kira, saboda ba a taɓa jin maganar wata ta fito daga bakinta ba.

Abu ɗaya ne ta kasa yi wa kanta magani. In ta ga ɗinki ya yi kyau ƙwarai, sai ta kasa rabuwa da shi. Ta biya mai kaya daga jarinta, ta ce an saya, ta kai ɗakinta ta ɓoye. Da haka akwatunan ƙarfe suka cika ƙarƙashin gadonta: atamfofin da aka daina bugawa tun tana budurwa, shadda mai aikin hannu, saƙin gargajiya, gyale mai zaren gwal. Ba ta sa su. Takan dai rufe ɗaki da hantsi ta baza su a kan gado su sha iska, ta zuba kafur da kanumfari, ta mayar. Waje ba ta shanya su, don kada wata maƙwabciya ta leƙo ta gane zanen 'yar uwarta.

Kwatano kuma ba garin ajiyar tufa ba ne. Iskar teku tana ɗauke da gishiri da laima, ƙarfe ya yi tsatsa, zane ya yi fumfuna. A wata damina ruwa ya cika kwatocin unguwa ya shigo mata ɗaki har ƙauri. Da ya janye ta buɗe akwatin da ya fi zama ƙasa, ta tarar da atamfofin ciki sun manne da juna, launinsu ya zube. Ta zauna a bakin gado tana ɓanɓare su, suna yagewa a hannunta.

Bayan wannan da 'yan makonni Malika ta zo. 'Yar wata tsohuwar maƙwabciyarta ce da suka koma unguwar Agontinkon, ta yi karatu, tana aiki a wani gidan adana kayan tarihi mai zaman kansa a unguwar Akpakpa, ƙetaren gada. Tun tana ƙarama ta taɓa ganin akwatunan, ba ta manta ba.

"Inna, muna shirya baje kolin tufafin matan Kwatano," in ji Malika. "Mun sami na kowa, ban da na Zongo. Ga shi kuma suna nan suna ruɓewa a ƙarƙashin gadonki."

"Tufa ai sawa ake yi. Wa zai biya ɗan zemijan ya goya shi a babur ya ƙetare gada don ya kalli zanen wata?"

"Ke ma ba sawa kike yi ba, Inna. Kallo kike yi."

Zinariya dai ta yarda ta je ta gani. Malika ta shiga da ita wani ɗaki mai sanyi, ba taga, ba warin laima. Ta nuna mata yadda suke shimfiɗa riga cikin faffaɗan aljihun katako ba tare da ninki ba, da farar takarda a tsakani, da yadda suke fara sa tufa cikin firiza don ƙwarin ciki su mutu. Ba mai taɓawa sai da safar hannu. Zinariya ta daɗe a tsaye. Ta ce ta yarda, da sharaɗi guda: ba za a rubuta sunan kowa ba, kuma kada a tambaye ta daga wane gida kowane zane ya fito. Malika ta ce ta ɗauki alkawari.

Cikin kayan da aka kwashe akwai wani bubu da ya fi duka. Saƙin hannu ne, rinin shuni mai duhu har yana ɗaukar ido, wuyansa da ƙirjinsa an cika su da aikin alharini. Wani maɗinki ne ya yi shi, Malam Dramane, wanda ya rasu tuntuni, kuma bai sake yin irinsa ba. Zinariya ta ɗan yi jinkiri kafin ta miƙa shi. Sai ta ce a ranta, shekara wajen talatin ke nan, wa zai tuna.

Shugaban gidan tarihin da ya ga bubun, sai ya ce shi za a sa a hoton talla. Malika ba ta ga laifin haka ba, tunda ba suna. Kafin mako ya zagayo hoton ya shiga wayoyin mutanen Zongo.

Ran nan da safe Zinariya tana shan koko a tsakar gida, sai ta ji sallamar namiji. Abdulƙahar ne, babban ɗan marigayi Alhaji Mahamoud mai motocin dakon kaya, shi ke riƙe da motocin yanzu. Bai zauna a tabarmar da ta shimfiɗa masa ba. Ya gaishe ta a tsaye, ya miƙo mata waya.

"Inna Zinariya, an ce daga hannunki wannan ya fito."

Ta dubi hoton, ta ce, "Kayana da yawa na ba su."

"Wannan na Hajiyarmu ne. Ranar sunana ta sa shi, hoton yana nan rataye a falonmu tun ina rarrafe. Sace shi aka yi. Ina so in san yadda ya zo hannunki."

"Sacewa?"

"Ina makarantar sakandare lokacin. Sallah ta zo, Alhaji ya ce ta sa shi, aka buɗe akwati ba ya nan. Babu mai shiga ɗakin sai Inna Nimatou, matar marigayi ƙanen Alhaji, wadda muke riƙe da ita da 'ya'yanta. Alhaji bai so a ji a waje ba. Ya sa ta a mota ita da yaran aka mayar da su garin Jugu, aka ce wa mutane ta koma danginta ne."

Kokon da ke hannun Zinariya ya huce ba ta sani ba. Ta tuna Nimatou, doguwar mace mai sanyin magana. Ta tuna ma ta je yi mata sallama ba ta same ta ba, aka ce motar ta tashi da wuri.

"Ita ta kawo miki, ko ba ita ba?" in ji Abdulƙahar.

"Ba na faɗin wanda ya ba ni kaya. Ka sani, uwarka ma ta sani."

"Wannan ba kayan dillanci ba ne, kayan sata ne. Asabar suke buɗe baje kolin ko? Ki yi tunani kafin Asabar. In ba haka ba da polis zan je, a sauke shi a gaban jama'a, ke kuma ki yi bayani a komisariya. Ina ganin girmanki, Inna, shi ya sa na fara zuwa nan."

Da ya fita ta kasa tashi daga inda take. Domin ba Nimatou ba ce ta kawo mata bubun. Hajiya Labiba ce da kanta, uwar Abdulƙahar, ta aika aka kira ta a shekarar da darajar kuɗin sefa ta karye. Motar Alhaji ɗaya ta faɗi a hanyar arewa, sauran suna tsaye ba kuɗin gyara, gidan kuwa cike da baki. Hajiya ta fito da bubun ta ce a kai shi nesa, kada Alhaji ya ji, don ba zai iya ɗaukar a ce da suturar matarsa ake ɗora tukunya a gidansa ba. Zinariya ta ce ta sami mai saye daga Ikko. Ba wani mai saye, ita ce.

Da azahar Malika ta iso a kan zemijan, ko hular kwanon ba ta tsaya cirewa ba sai da ta shigo. Abdulƙahar ya riga ya buga wa shugabansu waya.

"Inna, ya ce in ba a san asalin kayan ba, duk na Zongo za a sauke. Ni na kawo su, ni na tsaya miki ba tare da na tambaya ba. Aikina ne a kai. Ki faɗa mini ni kaɗai."

"Kin yi mini alkawari."

"Na yi. Amma ban san akwai maganar sata ba."

"Ni ma ban sani ba."

"To na sata ne?"

"A'a."

"Shi ke nan abin da za ki ce?"

"Shi ke nan abin da yake nawa. Sauran ba nawa ba ne."

Malika ta zauna a bakin rijiya ta dafe kai. Zinariya ta ɗauki mayafinta.

Gidan Alhaji Mahamoud bene ne a kan babban titi. Hajiya Labiba tana ɗakin ƙasa, saboda ƙafafunta sun daina hawa matakala. Ta tsufa ƙwarai, ciwon suga ya rage mata gani, amma ta gane muryar Zinariya tun daga sallama. Ta sallami surukarta da ke yanke mata farce, ta ce a ja ƙofa.

"Cewa na yi ki kai shi nesa," in ji Hajiya, kafin ma su gama gaisawa.

"Na kasa, Hajiya. Wannan laifina ne."

"Yanzu ga shi a wayar kowane yaro."

"Ban san an ɗora wa Nimatou ba. Wallahi sai yau na ji."

"Ni ban ce ta ɗauka ba. Cewa kawai na yi ban gan shi ba."

"Da aka sa ta a mota fa?"

Hajiya ta juya fuska wajen bango. Fanka tana ta juyawa a sama. Can ta ce, "Na yi niyyar faɗa. Na ce bari fushinsa ya sauka. Da ya sauka na ce bari motocin su tashi. Da suka tashi sai abin ya yi mini nisa. Alhaji ya rasu bai sani ba. Yanzu kina so in tara 'ya'yansa in ce ubansu ya taɓa kasa ciyar da su, uwarsu kuma ta bar matar mamaci da marayu aka kore su a kan ƙarya?"

"Ban zo in ce ki yi komai ba. Na zo in gaya miki abin da ni zan yi. In polis sun tambaye ni wa ya ba ni, ba zan faɗa ba. Amma in sun ce Nimatou ce, zan ce ba ita ba ce. Wannan ba zan riƙe miki ba."

"In kin ce ba ita ba ce, ai kin faɗa. Mu biyu ne muke shiga ɗakin nan."

"Na sani."

"Abdulƙahar ba ya wasa. Zai sa a rufe ki."

"To a rufe."

Zinariya ta jira, ta jira, har aka kira la'asar. Ta yi sallama, ba a amsa ba.

Kwanakin da suka rage ba wanda ya aiko daga gidan bene. A unguwa kuwa magana ta fara yawo. Mai sayar da gawayi ta ƙofar gida, wadda kullum sai ta tsayar da ita da hira, ta koma duban tirenta in Zinariya ta zo wucewa. Wata da ta yi alkawarin ba ta leshi ta aiko cewa ta fasa. 'Yarta ta bugo waya tana kuka, ta ce ta taho wurinta ta zauna har ƙura ta lafa. Zinariya ta ce ba inda za ta.

Ranar Asabar ta yi wanka, ta ɗaura atamfa mai sauƙi, ta sa maganin hawan jininta a jaka da ɗan zane na shimfiɗa, ko da za a kwana da ita. Ta hau zemijan ta ƙetare gada.

Zauren ya cika da mutane, ana ta Faransanci da yaren Fon, masu ɗaukar hoto suna kai da kawowa. Shugaban ya yarda a bar kayan Zongo zuwa ranar, don an riga an buga talla. Bubun yana tsakiyar zaure, an sanya wa wani mutum-mutumi marar kai, an buɗe hannayen, fitila tana haska aikin wuyan, an kewaye shi da igiya. Zinariya ba ta taɓa ganinsa a tsaye ba. Ta sami benci kusa da ƙofa ta zauna, jakarta a cinya.

Bayan an gama jawabi suka shigo: Abdulƙahar a gaba, ɗan sanda ɗaya cikin kaki, sai Hajiya Labiba a keken marasa lafiya, surukarta tana turawa. Ɗan sandan ne ya ce sai mai kaya ta zo ta shaida da bakinta. Hirar zauren ta ragu. Malika ta taho da sauri, shugabanta a bayanta, ta roƙi a shiga ofis a yi maganar.

"Nan kayan yake, nan za ta gani," in ji Abdulƙahar.

Aka tura keken har bakin igiya. Ɗan sandan ya yafito Zinariya, ta taso ta tsaya. Ya sunkuya wajen Hajiya, ya yi mata magana da Hausarsa ta kasuwa.

"Mama, kin san wannan riga?"

"Ba na gani daga nan. A matso da ni."

Malika ta dubi shugabanta, sannan ta kwance igiyar. Hajiya ta miƙa hannu. Malika ta buɗe baki za ta yi maganar safar hannu, sai ta fasa. Tsohuwar ta bi aikin wuyan da yatsa a hankali, ta gangaro ƙirji, ta kama gefen hannun ta murza.

"Nawa ne," ta ce.

"Ɗanki ya ce an sace shi daga ɗakinki. Haka ne?"

Hannun Hajiya yana nan a kan rigar. Ɗan sandan ya jira, da ya ga shirun ya yi yawa sai ya juyo wajen Zinariya.

"Madam, ke wa ya ba ki?"

"Ba na faɗin wanda ya ba ni kaya."

"An ambaci wata Nimatou. Ita ce?"

Zinariya ta ce, "Ba ita ba ce."

"In ba ita ba, wa?" in ji Abdulƙahar, muryarsa ta fara tashi. "Ko ke kika shiga kika ɗauka?"

"Abdulƙahar," in ji Hajiya. Ba ta ɗaga murya ba, amma ya yi shiru. "Ni na aika aka kira ta. Ni na buɗe akwati, ni na ba ta da hannuna. Ba wanda ya saci komai."

Ya tsaya yana kallon uwarsa. "Hajiya, don me?"

"Wannan a gida."

"Inna Nimatou fa?"

Ta sauke hannunta daga kan rigar ta ɗora a cinya. "Ku mayar da ni mota," ta ce wa surukarta.

Ɗan sandan ya ce tunda haka ne ba maganarsu ba ce, ya fita. Abdulƙahar ya bi bayan keken, bai dubi kowa ba. Zinariya ta koma benci, Malika ta kawo mata ruwa ta riƙe mata kofin.

Abin bai ƙare wa Zinariya da daɗi ba. Zongo ta yarda ba ta karɓi kayan sata ba, amma ta kuma gane cewa abin da aka ba ta a ɓoye yana iya fitowa ƙarƙashin fitila. Mata suka daina aikowa. Wasu biyu suka je Akpakpa da kansu, suka gane nasu, suka ce a sauke, Malika ta sauke ta mayar ɗakin ajiya. Hajiya Labiba ta aiko cewa a bar nata inda yake, a rubuta sunan Malam Dramane a ƙasa, nata kuma ko an rubuta ko ba a rubuta ba duk ɗaya ne yanzu.

Da wata ya kusa ƙarewa Abdulƙahar ya sake yin sallama a gidan Zinariya. Wannan karon ya zauna. Ya ce gobe zai tafi Jugu, Hajiya ba ta iya doguwar tafiya, ko za ta raka shi. Ta ce za ta.

Suka sami Nimatou a ƙofar wani gidan ƙasa tana tsince shinkafa, ta rame, gashinta ya yi fari. Ta ba su tabarma da ruwa. Abdulƙahar ya durƙusa ya faɗi abin da ya kawo shi daga farko har ƙarshe, ya isar da saƙon uwarsa na neman gafara. Ta saurara, hannunta bai daina tsintar ba.

"Na ji," ta ce. "Ai na san ita ta fitar da shi. Na gan ki kin fito da ƙunshi ran nan, Zinariya."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"A gidan wa? Ina cin abincinsu, ni da yara biyu." Ta zubar da tsakuwar da ke tafinta. "Babban ya rasu bara waccan. Shi ya fi riƙe abin. Da shi ya kamata a zo wa."

Abdulƙahar ya ce in ta yarda zai mayar da ita Kwatano, akwai ɗaki. Ta ce ta gode, nan ya ishe ta. Maganar gafara ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta ce su tsaya su ci abinci tunda hanya da nisa, ta tashi ta shiga ciki ta ɗora tukunya.